Harawa, dusa da hasken da ido ba ya gani

Duk wanda ya taɓa turke ragon Layya a unguwar Aboabo ko Asawase da ke Kumasi ya san yadda muke sayen abincin dabba: a dumbuzo dusa a shinshina, a murza harawa a duba korenta, sannan a yi ciniki a kan girman buhu. Ni dai a ganina kuɗinmu suna zurarewa ta nan, domin damin harawar gyada biyu da aka sauke daga mota ɗaya suna iya bambanta ƙwarai, musamman idan ganyen ɗaya ya kakkaɓe a hanya ya bar kara zalla.

Akwai na'urar da ke magance wannan. Tana haska samfurin da hasken da ke gaba da ja a jerin launuka, wanda William Herschel ya gano a 1800, kuma ido ba ya ganinsa. Ruwa da furotin da zaren tsiro kowanne yana shanye nasa kason na hasken, sai kwamfuta ta karanta abin da ya dawo, ta faɗi sakamako cikin minti ɗaya ko biyu. Karl Norris na ma'aikatar noma ta Amurka ne ya fara aiki da ita a kan hatsi, a 1976 kuma shi da abokan aikinsa suka nuna tana auna ingancin ciyawa. Tsohuwar hanyar auna furotin ta Kjeldahl ta 1883 kuwa sai an dafa samfurin cikin asid na sa'o'i.

Sanin furotin ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙwayoyin halittar da ke narka abinci a tumbin rago suna buƙatar furotin kusan kashi 7 cikin 100 na abincin, alhali bambaron shinkafa bai kai haka ba. Rago zai cika ciki, amma ba zai yi nama ba.

Sai dai ina jan hankalin 'yan'uwa masu ɗokin sayo ta: na'urar ba ta san komai ba sai abin da aka koya mata. Dole a fara auna ɗaruruwan samfura ta tsohuwar hanya a haɗa da karatun haskensu. Wadda aka horar da ciyawar Turai, idan aka miƙa mata ɓawon koko ko ɓawon rogo na ƙasar Asante, lamba za ta bayar tabbas, amma lambar ba abin dogaro ba ce. Haka kuma ba zan amince mata ita kaɗai a kan guba ba, irin sayanaid na ɗanyen ɓawon rogo ko afalatoksin na dusar da ta yi funfuna.

Saboda haka aikin na jami'ar KNUST ta Kumasi da Cibiyar Binciken Dabbobi ta CSIR, wato hukumar binciken kimiyya ta Ghana, ne su tattara samfura daga kasuwanninmu, na rani da na damina. Mu kuma masu kiwo mu haɗa kuɗi mu ajiye na'ura ɗaya inda ake sauke harawa, a auna kafin a yi ciniki.