Rage ci ba maganin kowane namiji ba ne

A bakin kasuwar Birnin Kebbi, mai lasifika ya baje kwalabe a bayan mota yana kiran "maganin maza", dattawa na miƙa kuɗi suna waige-waige. Yanzu kuma wata sabuwa ta shigo ta WhatsApp: wai ka rage ci, ƙarfinka na samartaka zai dawo. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ba a faɗi wa ake nufi ba.

Sinadarin testosteron, wato sinadarin maza mai tasiri a kan sha'awa da ƙarfin jiki, wanda 'ya'yan maraina ke samarwa, yakan ragu da kusan kashi 1 cikin 100 duk shekara idan namiji ya doshi arba'in. Wannan tafiyar shekaru ce, a hankali take. Mai hanzarta ta shi ne tumbi, domin kitse yana juya wani kaso na sinadarin ya koma irin na mata. Alhajin da ke wuni a kujerar ofis, ya ɗora tuwon shinkafa malmala uku, ya kora da lemon kwalba, in ya sauke teɓa sinadarin nasa yakan ɗaga. Shi kam shawarar ta dace da shi.

To amma manomin fadamar Argungu fa, wanda ake iya ƙirga haƙarƙarinsa? Me zai rage? A 1944 aka fara wani gwaji a Jami'ar Minnesota ta Amurka ƙarƙashin masani Ancel Keys. Maza 36 aka rage wa abinci kusan rabi har wata shida. Sun zubar da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinsu, sha'awa ta ɗauke, hirarsu ta koma ta abinci kawai. Jiki in ya hango yunwa, harkar haihuwa yake fara jinginewa. Masu kafa hujja da cewa rage ci na ƙara tsawon rai kuwa, gwajin da masani Clive McCay ya yi a kan ɓeraye a 1935 ne tushen zancensu, kuma ɓera ba ya noman rani.

Abin da ya fi damuna shi ne masu zuwa kemis a yi musu allurar testosteron ba gwaji. Kasala na iya zama ciwon suga ko ƙarancin barci. Ana auna sinadarin ne a jini da safe, lokacin da ya fi yawa, a kuma maimaita. Allurar tana rage ƙwayoyin maniyyi, ga shi wasu masu nemanta amarya suke shirin yi, suna kuma son haihuwa.