Wa zai goge sunan wanda kotu ta wanke?

Duk wanda aka taɓa kaiwa caji ofis ya san cewa tun kafin a fara maganar beli, sai an buɗe littafi a kan kanta an rubuta sunansa da laifin da ake zarginsa da shi. Doka ce ta wajabta hakan. Sashe na 15 na dokar Najeriya ta gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ya ce a rubuta adireshin wanda aka kama da tsayinsa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, kuma a kammala cikin awa 48. Sashe na 16 ya kafa babban rumbun bayanan laifuffuka a hannun rundunar 'yan sanda, ya kuma ɗora wa rundunonin jihohi alhakin aika hukuncin kowace shari'a zuwa can cikin kwana 30.

Ni ina goyon bayan wannan tanadi, domin mutumin da aka tsare ba tare da an rubuta sunansa ba shi ne wanda iyalinsa ke yawo daga wannan ofis zuwa wancan ana ce musu ba a san da zamansa ba. Abin da ke damuna shi ne makomar bayanan bayan an gama shari'a. Labarin kamu yana shiga rumbu nan take tunda mai kamun ne ke rubutawa, amma takardar sallama sai ta taso daga kotu ta bi ta teburori da yawa, kuma idan ta maƙale a hanya babu wanda zai ji a jikinsa sai mai sunan. Ba zai ma sani ba sai ranar da ya nemi takardar shaidar kyawun hali domin aiki ko biza. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗauki kowa a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar, amma kwamfuta abin da aka zuba mata kawai take nunawa.

A Arewa akwai ƙarin haɗari. A unguwa guda za a samu masu suna Abubakar Ibrahim fiye da ɗaya, kuma mutane da yawa da ba a yi musu rajistar haihuwa ba suna ɗauke da 1 ga Janairu a takardunsu. Idan da suna da ranar haihuwa kaɗai ake tantancewa, shafa wa bawan Allah kashin kaji ba zai yi wuya ba. Ga shi kuma bayanan sun fara ƙetare iyaka: a 2012 hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, wato Interpol, ta fara gudanar da shirin WAPIS da kuɗin Tarayyar Turai domin 'yan sandan ƙasashen Afirka ta Yamma su riƙa musayar bayanai. Ga ɓarayin shanu da dillalan makamai da ke kai da komo tsakanin Jibiya da Maraɗi, musayar ta zama dole, sai dai ta hanyar da gaskiya za ta bi, ta nan kuskure ma zai bi.

Dokar kare bayanan jama'a da aka sanya wa hannu a watan Yuni na 2023 ta sassauta wa hukumomin binciken laifi wasu daga cikin sharuɗɗanta. Sassaucin yana da hujja, domin babu mai cewa a nemi izinin ɗan fashi kafin a adana zanen yatsunsa. Amma bayanan sirri, wato abin da wani mai tsegumi ya raɗa wa jami'i, ba daidai suke da hukuncin alƙali ba, kuma bai kamata a adana su wuri ɗaya da daraja ɗaya ba.

Ita kanta Interpol tana da kwamiti mai zaman kansa da mutum zai iya rubuta wa ya nemi a gyara ko a goge bayanansa. Irin wannan ƙofa nake so Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta buɗe a gida: a yanke wa'adin adana bayanan wanda aka sallama, a riƙa rubuta sunan duk jami'in da ya buɗe fayil ɗin wani da dalilinsa, sannan a ba majistare, wanda dama doka ta ce ya riƙa ziyartar caji ofis duk wata, ikon tambayar ko hukuncin da ya yanke ya isa rumbun.