Farashin bindiga ba sirrin tsaro ba ne

Da zarar an tambayi nawa gwamnati ta kashe wajen sayo makamai, sai a ce maganar tsaro ce, ba a tona ta. Wallahi wannan amsa ta ishe ni. Inda sojoji za su kai farmaki gobe sirri ne, babu mai musu. Amma kuɗin da aka biya, da kamfanin da aka ba kwangila, da ko kayan sun iso, wane amfani ɗan ta'adda zai samu in an faɗa?

A Disamba 2014 kotun soja a Najeriya ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda sun ƙi fita yaƙi da Boko Haram. Kukansu shi ne ba a ba su isassun kayan aiki ba. Shekara na zagayowa aka kama Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na makamai. Ya yi shekara huɗu a tsare, aka sake shi a Disamba 2019, kotu ba ta ce ya ci ba, ba ta wanke shi ba. An cuce shi in bai da laifi, an cuce mu in yana da shi.

Ku dubi sojan da ke kwance a rami da tsakar dare, yana shafa harsasan da suka rage masa yana ƙirgawa, motar sulken da takarda ta ce sabuwa ce ta mutu a hanya tun da yamma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Nijar ma ta ɗanɗana. Binciken ma'aikatar tsaro da ya fito a 2020 ya nuna asarar kimanin CFA biliyan 76 ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba, a daidai lokacin da ake makokin sojoji 71 da aka kashe a harin Inates da 89 da aka kashe a harin Chinagodar.

Abin da ya fi ci mini rai, ƙofar a cikin doka take. Sashe na 15 na dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 a Najeriya ya keɓe kayan tsaro daga ƙa'idojinta sai in shugaban ƙasa ya amince. Wato kwangilar gina aji uku za a bi ta da tambayoyi, ta jirgin yaƙi kuwa a wuce da ita shiru.

A gyara wannan sashe. A buɗe wa babban mai binciken kuɗi na ƙasa takardun, kwamitocin majalisa su je barikoki su ƙirga kayan da idonsu, ko da a zaman sirri ne, sannan a buga jimillar kuɗi da sunayen 'yan kwangila kowa ya gani. Shari'o'in da suka kwanta tun 2015 kuma a sa musu ranar ƙarewa.