Wa ke rubuta tambayar da ake yi wa masu zaɓe a Amurka?

A ƙofar manyan kantuna a Kaliforniya, mutum zai fito da kayan cefane a hannu, sai wani ya tare shi da takarda da biro, ya roƙe shi minti ɗaya kacal. Ya rattaba hannu ya wuce mota, galibi bai karanta komai ba. Mai takardar kuwa sana'arsa ke nan, kowane sa hannu da farashinsa. Daga nan ƙudurin da ake kira na jama'a yake farawa, kuma daga nan kuɗi suke shiga.

Kusan rabin jihohin Amurka suna ba talakawa damar tsara doka da kansu, su tara sa hannu, a kai ta gaban masu zaɓe ba tare da an bi ta majalisa ba. Kaliforniya ta rungumi tsarin a 1911, zamanin Gwamna Hiram Johnson, lokacin da kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific ya sa 'yan majalisar jihar a aljihu. An buɗe ƙofar ne domin talaka ya kewaye mai kuɗi. Yau sai an tara sa hannu fiye da rabin miliyan cikin kwana 180 kafin ƙuduri ya hau takardar zaɓe. 'Yan sa-kai da wuya su iya wannan, sai a ɗauki kamfanonin da aikinsu ke nan, a biya su miliyoyi. An gudu ba a tsira ba.

Abin da ya faru a 2020 ya fi komai tsaya mini a rai. Majalisar jihar ta yi dokar AB5 a 2019, wadda za ta sa a ɗauki direbobin manhaja a matsayin cikakkun ma'aikata masu haƙƙoƙi. Sai kamfanonin sufuri da kai saƙo ta manhaja, Uber da Lyft da DoorDash da Instacart, suka tsara tasu dokar, Ƙuduri na 22, don cire direbobinsu daga AB5, suka zuba mata sama da dala miliyan 200. Abokan hamayyarsu, ƙungiyoyin ƙwadago, abin da suka tara bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Direba ya buɗe wayarsa don neman fasinja, saƙon goyon bayan ƙudurin ne zai fara gaishe shi. Fasinja ma haka. Har ledojin kai abinci an buga musu tallar. Ƙudurin ya wuce da kusan kashi 59 cikin ɗari. A cikinsa kuma akwai sharaɗin cewa majalisa ba za ta gyara shi ba sai da amincewar kashi bakwai cikin takwas na 'ya'yanta. Mutum nawa ne cikin masu cewa "e" suka san da wannan layin?

Za a ce ai kuɗi ba sa sayen ƙuri'a, kuma akwai hujja. A 2022 kamfanonin caca ta intanet irin su DraftKings da FanDuel sun kashe maƙudan kuɗi kan Ƙuduri na 27, wanda zai halatta cacar wasanni ta intanet a Kaliforniya, jama'a suka yi fatali da shi da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Gaskiya ne. Amma su wa suka kayar da shi? Ƙabilun 'yan asalin Amurka masu gidajen caca, waɗanda su ma suka zuba nasu miliyoyin. A Illinois a 2020, kan gyaran da zai ƙara wa masu babban samu haraji, Gwamna J.B. Pritzker ya ba da sama da dala miliyan 50 daga aljihunsa, attajiri Ken Griffin ya ba da kwatankwacin haka don a rusa shi, aka kuwa rusa. Mutum biyu ne suka riƙe makirufo, miliyoyi suna sauraro. Ko da ra'ayina ya zo ɗaya da na attajirin, ba na jin daɗin a ce gaskiyata sai ta sami ubangida kafin a ji ta.

Taƙaita gudummawar ba abu ne mai sauƙi ba, domin Kotun Ƙoli ta toshe hanyar. A shari'ar Bellotti ta 1978 ta ce kamfanoni na da 'yancin kashe kuɗi kan ƙuri'ar raba gardama. A 1981 ta soke iyakar da birnin Berkeley ya sa, a 1988 kuma ta hana jihohi haramta biyan masu tara sa hannu. Hujjarta ita ce ƙuduri ba ɗan takara ba ne, ba a ba shi cin hanci. Na yarda ba a ba takarda toshiyar baki. Sai dai wanda ya rubuta tambayar, ya biya kuɗin ɗora ta, ya cika talabijin da amsarsa, ya riga ya sami abin da mai ba da toshiya yake nema.

Da sauran abin yi. Kaliforniya ta tilasta bayyana manyan masu ba da kuɗi a jikin tallar. Oregon ta hana biyan kuɗi bisa yawan sa hannu tun 2002, ta kuma gwada tara masu zaɓe kusan ashirin ta hanyar canki-canka, su zauna kwanaki suna sauraron ɓangarorin biyu, a buga abin da suka gano a littafin da ake aika wa kowane gida. Wannan na fi so, don shi ne ke ba mai cefanen nan damar karanta abin da ya sa wa hannu kafin ranar zaɓe.