Idan an riga an ware 'yan wuta, wa'azin na mene ne?

Wani labari ya ce wani mai wa'azi a Zuru ya koyar da cewa tun fil azal Allah ya ware 'yan wuta. Baba Fasto, da girmamawa, ban yarda ba. Gaskiya ne ceto alheri ne, ba ladan aikinmu ba, Afisawa 2:8-9 ta faɗa, shi ya sa taron shugabannin ikilisiya a birnin Kartaj a shekara ta 418 ya yi watsi da koyarwar Felajiyus, malamin da ya ce mutum zai iya samun ceto da ƙoƙarin kansa. Amma 2 Bitrus 3:9 ta ce Ubangiji ba ya so kowa ya hallaka. Kakata ta tsufa tana addinin gargajiya, sai dab da rasuwarta ta nemi baftisma da bakinta. Wa ya tilasta mata? Shekara da shekaru ana roƙonta tana cewa a'a.