Septrin ba ado ba ne

To, sannu da aiki, likitan WhatsApp! Wai mai HIV da ke shan ARV, maganin rage kaifin cutar, ya ajiye Septrin, maganin mura ne kawai. Kuma 'yan Gombe sai tura muryar suke yi daga wannan guruf zuwa wancan, har da "Allah ya saka".

Jama'a, kada wanda ya ajiye Septrin ɗinsa sai likitansa ya ce. Ƙwaya ɗaya ta 960mg kullum ita ce ke tare ciwon huhu na PCP, wanda fangas mai suna Pneumocystis ke kawowa. Mai lafiya yana shaƙarsa ba ya ko sani. Wanda CD4 ɗinsa, wato adadin ƙwayoyin garkuwar jikinsa, ta sauka ƙasa da 200 kuwa, huhu yake cika masa. Da wannan cutar aka fara gano ƙanjamau a Amurka a 1981.

Ba da hayaniya take zuwa ba. Busasshen tari babu majina, ɗan zazzaɓi, sai haki da ke ƙaruwa mako bayan mako. Mutum na zaune lafiya lau, ya taka daga ɗaki zuwa masallacin ƙofar gida ya tsaya yana dafa bango. A ce ƙurar hunturu ce, a je kemis a sayo amoxicillin. Ba ya taɓa ta. Fluconazole, maganin fangas, ma haka. Hoton ƙirji na farko yana iya fitowa fes. In ta kama, Septrin ɗin nan da aka raina za a koma wa, mai yawa, kwana 21, da oksijin da prednisolone in numfashi ya yi ƙasa.

"Ai yana sa ƙuraje." E, yakan sa wasu. Wanda ya ga ƙuraje, ko baki da ido suna saɓulewa, ya dakatar da sha ya tafi asibiti ranar, akwai madadi. Wannan ba hujjar hana kowa ba ce.

Iyaye mata, don Allah: jaririn da uwarsa ke da HIV, sirof ɗin Septrin daga mako 6 ne, 2.5ml kullum da farko, ana ƙara awon in ya girma, har gwaji ya wanke shi. 'Yan wata 3 zuwa 6 PCP ta fi kayarwa.

Ku kuma masu "sha ka fashe" don a yi ƙiba kafin biki, dexamethasone ne a cikin da yawansu, kuma garkuwar jikin da ke tare PCP yake rusawa. Wa ma ya ba masu tallar magani a tire izinin sayar da shi?