Gadon ƙarfen kakanninmu ya tafi gwangwan, mu kuma muna sayo tsohon kayan wasu

Jama'a, akwai yayin da ya shigo sabbin wuraren shan shayi da kofi da wasu shaguna a Kano da Kaduna da Abuja, wato ƙawata wuri da kayan da. Ni ina son yayin nan ƙwarai, shi ya sa yadda ake tafiyar da shi yake damuna.

Ka shiga irin wuraren nan ka duba. An manna wa bango takarda mai zanen jan bulo, ƙwayayen lantarki masu jan haske suna reto daga sama, ga tsohon tafireta a kan kanta, ga garmahon da ba ya juyawa, ga hoton jar bas ɗin Landan mai hawa biyu. Yawancinsu ma sababbi ne fil, a masana'anta aka yi su, aka shafa musu fenti mai kama da tsatsa, aka loda a kwantena. Mai wurin ya kashe kuɗi masu yawa, kuma da kyakkyawar niyya ya yi. Amma wane ne a cikin masu zama a wurin zai kalli jar bas ɗin nan ya tuna gidansu? Babu. Kuma amfanin tsohon kaya a wurin zama ke nan, ya taɓa maka wani abu a zuciya.

Alhali muna da namu. Duk wanda ya tashi a gidan da akwai tsohuwa ya san ɗakinta: gadon ƙarfe mai rumfa da ƙananan madubai a jikinsa, katifar rimi, jeren kwalla da langa da fanteka tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowane da murfinsa mai zanen fure ja da kore. A gefe ga adudu, ga faya-fayai a rataye, ga akushi baƙi wuluk da ya sha man shanu shekara da shekaru har yana ƙyalli, ga fitilar ƙwai a kan akwatin ƙarfe. A tsakar gida randa ce a gindin bishiya da moɗa a kanta, ruwan da sanyinsa da ƙanshin ƙasa. Ina kayan nan suke yanzu? In tsohuwa ta rasu, kafin a yi sadakar arba'in an kira 'yan gwangwan sun ɗora gadon a sikeli, sun biya kuɗin kilo. Kwanukan kuwa a ba masu canji a karɓi bokitin roba. Wallahi abin nan yana ci mini rai, domin ba talauci ne kaɗai ke sa mu yin haka ba, har da ganin da muke yi wa kayan cewa ƙauyanci ne.

Mu da muke zuwa Umara da Hajji, da yawanmu sun bi ta tsohon garin Jidda, wanda ake kira Al-Balad. Gidajen nan masu tagogin katako da suka turo waje sun daɗe a yashe, wasu har sun fara zubewa. A 2014 UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya, yanzu kuma ana gyara gidajen ana buɗe wuraren shan gahawa da masaukai a cikinsu. Abin da ke jan mutane shi ne kayan na nan ne, ginin na nan ne. A Doha ma, lokacin da aka gyara kasuwar Suƙ Waƙif wajen 2006, komawa aka yi ga yaɓen ƙasa da rufin itace irin na da, kuma yau tana cikin wuraren da baƙi suka fi cika a birnin. Kada a ce sai masu kuɗin mai. Ga Agadas nan kusa da mu, ta shiga jerin UNESCO a 2013, da hasumiyar masallacinta ta ƙasa mai tsayin mita 27, kuma akwai masaukan baƙi na ginin ƙasa a garin.

To mu me muka rasa? Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, a ƙarni na 15. Karofin Ƙofar Mata har yau ana rini da baba. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa suna nan, duk mai son buɗe wuri ya je ya tsaya a ƙarƙashin rufinsu ya ga yadda ake jera azara, ya ga bakan gizo da ɗaurin guga, wato dabarun lanƙwasa rufin soro, ya ji sanyin ɗakin da tsakar rana ba tare da na'ura ba. Ya je Zariya ya ga aikin shahararren maginin nan, Babban Gwani Muhammadu Durugu, a cikin tsohon masallacin Juma'a. A ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma dizal ya yi tsada, soron ƙasa mai kaurin bango dabara ce ta kasuwanci, ba ado kaɗai ba.

Na san abin da masu wuraren za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Ginin ƙasa yana son yaɓe da makuba kafin damina, gara tana cin azara, maginan da suka iya aikin sun yi ƙaranci, yawancin shagunan kuma haya ne a filaza, ba za ka rushe bangon mai gida ba. Na yarda. Ba sai an gina soro ba. Tumtum na fata daga wajen dukawa, tabarmar kaba, labule na rinin baba, tiren tagulla na Bida, shayi a butar ƙarfe, fura a ƙwarya da ludayi, dambu a akushi, duk waɗannan suna shiga shagon haya. Ni a ganina ma wannan ya fi muhimmanci, a yi amfani da kayan, kada a rataye su a bango kawai ana ɗaukar hoto. In ana cin abinci a akushi, wata rana zai tsage, sai a koma wajen masassaƙi a sayi wani, shi kuma ya sami dalilin koya wa ɗansa sana'ar. Kuɗin da ke tafiya wajen shigo da garmahon bogi da ya tsaya a hannun marina da masaƙa da maƙera.

Sai dai ina da roƙo ɗaya ga masu sha'awar wannan salon. Na fara ganin ana rataye allo mai rubutun ayoyi a matsayin ado, a wurin da ake kiɗa ana hira ana shewa, wani lokaci ma a lungun da ke kusa da banɗaki. Wannan bai dace ba. In ana son siffar allon, a sa wanda ba a yi rubutu a kansa ba, ko mai zayyana zalla.

Ku kuma 'yan'uwana mata, tunda yawanci a hannunku kayan ɗakin iyaye suke ƙarewa, don Allah kafin a kira mai sikeli a tambayi dangi ko akwai mai so. In babu, a nemi masu shaguna da masaukai a yi musu tayi, za su biya fiye da kuɗin kilo. Gadon ƙarfen nan in aka kankare tsatsar aka sake masa fenti, aka ɗora masa katifa da matasai, mutum huɗu za su zauna a kai su sha shayi, kuma zai ƙara wasu shekarun masu yawa yana aiki.